Ciwon Suga da Ido: Dalilin Duba Idon da Yake Gani Garau

A duk ranar da muke ganin masu ciwon suga a asibiti, da wuya a tashi ba mu ji amsa iri ɗaya daga bakin mutane da dama ba idan muka ce musu su leƙa sashen ido. Dattijo zai ce, "'Yata, ai idona lafiya lau, har yanzu ina karatun Alƙur'ani ba tabarau." Hajiya za ta ce da kanta take zura zare a allura, me za a duba? Gaskiya suke faɗa game da ganinsu, amma wannan gaskiyar ce take sa mutane da yawa su makara, domin ɓarnar da suga ke yi wa ido takan ɗauki shekaru tana tafiya ba tare da ciwo ba, ba ja, ba hawaye, kuma gani bai ragu ba. Kamar gara ce a cikin azara, daga waje itacen yana nan da kyansa alhali an cinye cikinsa.

A can ƙuryar ido akwai wani siririn tantani a shimfiɗe, wanda likitoci ke kira ratina. Shi ne yake karɓar hasken da ya shiga ido ya aika wa ƙwaƙwalwa, sannan mutum ya gane abin da yake kallo. Wannan tantani yana rayuwa ne da jinin da wasu ƙananan jijiyoyi ke kai masa, waɗanda mafi yawansu sun fi silin gashi siranta. Idan suga ya daɗe yana hawa a cikin jini, bangon waɗannan jijiyoyi yakan yi rauni, wasu su kumbura su yi ƙananan ƙuraje, wasu su riƙa yoyon ruwa da kitse da jini, wasu kuma su toshe gaba ɗaya. Muddin ɓarnar tana gefe-gefen tantanin, mai idon ba zai san komai ba. Sai ruwan ya taru a tsakiyarsa, wurin da muke amfani da shi wajen karatu da gane fuskokin mutane, sannan gani ya fara dushewa, layin da yake miƙaƙƙe ya riƙa bayyana a lanƙwashe.

Mataki mafi haɗari shi ne wanda ke biyo bayan toshewar jijiyoyin. Idan wani sashe na tantanin ya rasa jini, ido yakan yi ƙoƙarin taimakon kansa ta hanyar tsiro da sababbin jijiyoyi, amma waɗannan sababbin ba su da ƙwari ko kaɗan, kuma sukan fashe ba zato. Mutum zai kwanta yana gani, ya wayi gari ido ɗaya ya cika da jini daga ciki, yana ganin duhu ko wani jan hazo. Idan aka bar su, sukan bar tabo da ke jan tantanin har ya ɓamɓare shi daga mazauninsa, ko su toshe hanyar da ruwan ido ke bi ya fita, sai hawan jinin ido mai tsananin ciwo ya biyo baya. A wannan lokacin ne mafi yawan mutanenmu ke zuwa asibiti, ɗa ko jika yana riƙe da hannunsu, kuma a lokacin ne aikin ya fi wuya, ya fi tsada, sannan ba a da tabbacin gani zai dawo.

Wannan matsala ba ta 'yan tsiraru ba ce. Binciken da aka tattara daga ƙasashe da dama ya nuna cewa kusan mutum 1 cikin 3 na masu ciwon suga yana da alamun wannan lalacewa a idonsa, kuma kusan 1 cikin 10 tasa ta kai matakin da ke barazana ga gani. A nahiyarmu akwai ƙarin abin damuwa, domin ƙiyasin Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ya nuna cewa fiye da rabin masu ciwon a Afirka ba su ma san suna da shi ba. Ma'anar wannan ita ce, ranar da aka gwada jinin mutum aka ce masa yana da suga, ba ranar ce ciwon ya fara ba, mai yiwuwa ya yi shekaru yana aiki a jikinsa, kuma idon yana cikin wuraren da ya riga ya taɓa.

Saboda haka ne ƙa'idar da likitoci suka amince da ita take cewa duk baligin da aka gano yana da ciwon suga nau'i na 2, wato wanda ya fi yawa a tsakanin manya, a duba idonsa nan take ba tare da jira ba. Mai nau'i na 1, wanda yawanci yakan fara tun ƙuruciya kuma yake buƙatar allurar insulin, a fara duba nasa cikin shekara 5 da gano ciwon. Daga nan kuma kowa ya riƙa komawa sau ɗaya a shekara, sai fa idan likitan ido ya ga abin da ya sa ya ce a dawo bayan wata 3 ko wata 6. Matar da take da ciwon suga tun kafin ta ɗauki ciki tana buƙatar kulawa ta musamman, domin juna biyu na iya hanzarta lalacewar, don haka a duba ta kafin cikin ko a cikin watanni ukun farko, ko da awon cikinta yana tafiya daidai.

Yana da muhimmanci a gane irin dubawar da ake nufi, domin a nan ne ake yawan samun kuskure. Karanta haruffa a jikin allo daga nesa gwajin ƙarfin gani ne kawai, kuma mutum zai iya karanta layin ƙarshe tsaf alhali jijiyoyin idonsa suna yoyo. Haka nan gwada tabarau a shago ko a hannun masu talla a kasuwa ba ya nuna komai game da ƙuryar ido. Dubawar da ake bukata ita ce wadda za a ɗiga wa mutum magani a ido, ya zauna kamar minti 20 zuwa 30 har 'yar ƙofar da ke tsakiyar baƙin idon ta buɗe sosai, sannan a haska ciki da na'ura ko a ɗauki hotonsa da kyamara ta musamman. Maganin yana ɗan yin zafi na 'yan daƙiƙoƙi, ba allura, ba yanka. Wanda aka nuna wa hoton zai ga wani faifai ja mai ruwan lemo, jijiyoyi sun bazu a kansa kamar rassan bishiya, kuma idan akwai matsala zai ga ƙananan ɗigo-ɗigo jajaye da wasu tabo-tabo masu ruwan ɗorawa. Na sha ganin yadda mutumin da ya daɗe yana wasa da shan magani yake yin shiru idan ya ga waɗannan ɗigo-ɗigo a hoton idonsa na kansa.

Bayan an gama, gani yakan yi dishi-dishi na wasu sa'o'i, kuma hasken rana yakan dami mutum. Kada wanda aka ɗiga wa maganin ya tuƙa mota ko babur a wannan lokacin. Gara ya zo da ɗan rakiya, ya kuma riƙo baƙin tabarau idan yana da shi. Ina jaddada wannan ne domin wasu sukan tsorata su ce asibiti ya ɓata musu ido, su hana wasu zuwa, alhali kafin gari ya waye komai ya koma yadda yake.

Amfanin gano matsalar da wuri shi ne akwai abin da za a iya yi, kuma yana aiki. Idan lalacewar tana matakin farko, sau da yawa ba a buƙatar taɓa idon ma, sai dai a gyara suga da hawan jini da kitsen jini. Wani babban bincike da aka yi a Amurka da Kanada, wanda aka fitar da sakamakonsa a 1993, ya nuna cewa tsare suga sosai ya rage haɗarin fara wannan lalacewa da kashi 76 cikin 100 a tsakanin masu nau'i na 1, kuma wani da aka yi a Birtaniya ya nuna a 1998 cewa sauke hawan jini ma yana rage saurin lalacewar ga masu nau'i na 2. Idan kuwa sababbin jijiyoyin nan sun fara tsiro, ana amfani da hasken lesa a ƙona wasu sassa na gefen tantanin domin a tsayar da su, kuma wannan yana rage haɗarin mummunar asarar gani da fiye da rabi. Kumburin tsakiyar tantanin kuma ana yi masa allura a cikin ido bayan an kashe zafin wurin, galibi sau da yawa a jere. Sai dai wajibi ne a faɗi gaskiya: waɗannan magunguna sun fi ƙarfi wajen tsare ganin da ya rage, ba su cika dawo da wanda ya riga ya tafi ba.

Ingila misali ce ta abin da dubawa a kai a kai ke iya yi. Daga 2003 ta fara shirin gayyatar duk mai ciwon suga da ya kai shekara 12 domin a ɗauki hoton idonsa, kuma wani nazari da aka buga a 2014 ya nuna cewa, karon farko cikin kimanin shekara 50, ciwon suga ya daina zama babban dalilin makanta a tsakanin masu shekarun aiki a Ingila da Wales. Mu a nan ba wanda zai aiko wa mutum takardar gayyata, don haka nauyin tunawa ya koma kan mai ciwon da iyalinsa da kuma mu ma'aikatan lafiya, kuma a ganina bai kamata wani ma'aikaci ya sabunta wa mai suga takardar magani shekara guda cur ba tare da ya tambaye shi yaushe rabonsa da a duba idonsa ba.

Wuraren zuwa suna nan. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, da Asibitin Ido na ECWA da na Makka a Kano, da sassan ido na asibitocin koyarwa na Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, sannan manyan asibitocin jihohi da dama suna da ɗakin duba ido. Mutum ya faɗa musu tun a bakin ƙofa cewa yana da ciwon suga kuma ƙuryar ido yake so a duba. Hanya mai sauƙi ta tuna lokacin ita ce a ɗaura shi da watan Sha'aban, tunda dama mai suga yana buƙatar ganin likita kafin azumi domin a daidaita masa magani.

Akwai abubuwa biyu da nake roƙon a kiyaye. Idan suga ya hau ƙwarai gani yakan yi hazo na ɗan lokaci, ya washe idan ya sauka, don haka kada a yi gaggawar kashe kuɗi a yanka tabarau sai sugan ya daidaita. Haka kuma yanar ido takan zo wa masu suga da wuri fiye da sauran mutane, kuma aikinta a asibiti yana da sauƙi, saboda haka a nisanci masu ture yana da tsinke a gida, da ɗiga ruwan ganye ko wani magani da aka saya a kemis ba tare da likita ya rubuta ba, domin wasu daga cikin magungunan ɗigawar nan suna ta da hawan jinin ido.

Wanda kuwa ya fara ganin baƙaƙen ɗigo suna yawo a gabansa kwatsam, ko walƙiyar haske, ko duhu ya rufe wani gefe na ganinsa, ko ido ya yi ja yana ciwo mai tsanani, kada ya jira shekara ta zagayo, kada kuma ya jira ranar da aka rubuta masa a kati. Ya nemi likitan ido a ranar, ko washegari da sassafe, ya tafi da katinsa na suga da duk magungunan da yake sha.