Waiwaye: Yadda ƙarshen Mass Effect 3 ya haɗa BioWare da masoyansa

A ranar 6 ga Maris 2012 kamfanin BioWare na ƙasar Kanada ya fitar da wasan bidiyo Mass Effect 3, kashi na ƙarshe na labarin Kwamanda Shepard. Ko mako ba a yi ba gardama ta ɓarke a kan mintunan ƙarshe na wasan, kuma har yau ba ta mutu ba.

Tushen rigimar yana cikin kashi na farko da ya fito a 2007. Labari ne na wasu manyan injuna masu tunani, Reapers, waɗanda ke dawowa duk bayan kimanin shekara 50,000 su share duk al'ummar da ta ci gaba a sararin samaniya. Abin da ya kama zukatan mutane shi ne yadda aka gina duniyar wasan. Akwai kundin bayani a ciki, Codex, mai fayyace yadda kumbo ke tafiya, yadda bindiga ke aiki, da tarihin kowace ƙabila. Sannan da yawa daga shawarwarin da mai wasa ya yanke suna bin sa zuwa kashi na gaba. Kamfanin da kansa ya koya wa mutane su riƙa karatu da lura, su kuma riƙe abin da aka faɗa musu.

Alamun tsagewa sun fara tun 2010. A kashi na farko bindigogi ba sa buƙatar sauya komai, zafi kawai suke yi su huce. A na biyu sai aka kawo 'yan ƙananan ma'ajin zafi da ake cirewa a jefar, aka ce sabuwar fasaha ce ta shekara biyun da suka wuce. To amma a wata duniyar da wani kumbo ya faɗa shekara goma kafin nan, inda babu mai shiga babu mai fita, sai ga su a warwatse a ƙasa. Masoya sun lura, sun yi ƙorafi kaɗan, sun wuce. A farkon 2012 wani littafin labari na wannan duniya ya fito cike da kurakurai, har masoya suka haɗa doguwar takarda suna lissafa su ɗaya bayan ɗaya, kamfanin ya ba da haƙuri.

Sai ƙarshen kashi na uku ya zo. Bayan doguwar gwagwarmaya, Shepard ya tarar da wata halitta mai siffar ƙaramin yaro, Catalyst, wadda ta ce ita ke juya Reapers. Hujjarta: duk abin da aka ƙera sai ya juya wa maƙerinsa baya, don haka ake girbe al'ummomi kafin injunan da suka ƙera su hallaka kowa. Ta ba shi zaɓi uku: ya rusa Reapers, ya mallake su, ko ya haɗe masu rai da injuna su zama abu guda. Bidiyon da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne, bambancin da ya fi fitowa fili shi ne launin hasken, ja ko shuɗi ko kore.

A nan aka ga amfanin wancan karatun. A cikin wannan wasan dai, a duniyar Rannoch, mai wasa zai iya sasanta ƙabilar Quarian da Geth, injunan da Quarian ɗin suka ƙera, bayan gabar kusan shekara 300. Ke nan Shepard yana da shaidar da ke rushe maganar yaron, amma ba a ba shi bakin faɗa ba. Ga kuma maganar tashoshin da ke cilla kumbo daga wannan tauraro zuwa wancan. A wani ƙarin labari na 2011, Arrival, an nuna cewa fasa tasha ɗaya ya shafe duk duniyoyin da ke kewaye da ita, rayuka fiye da 300,000 suka salwanta. A ƙarshen kashi na uku duk tashoshin suka tarwatse, ba wanda ya ce uffan a kan makomar duniyoyin da ke kewaye da su. Abokan da suke tare da Shepard a fagen fama kuwa sai ga su a cikin kumbonsa, Normandy, yana gudu, ba a nuna yaushe suka hau ba. In kuma Catalyst a cikin Citadel yake tun fil azal, wato babbar tashar da Reapers ke shigowa ta cikinta, me ya sa Sovereign, ɗaya daga cikin Reapers, ya sha wahalar neman buɗe ta a kashi na farko?

Wasu sun ɗora laifin a kan sauyin marubuta. Drew Karpyshyn, jagoran rubutun kashi na farko, ya koma wani aikin kafin na uku, kuma daga baya ya ce sun taɓa tunanin ɗaure labarin da wani ɓoyayyen makamashi mai cinye taurari. Burbushin wannan tunani yana nan a kashi na biyu, a tauraron nan mai saurin tsufa da duniyar Haestrom ke kewayawa, wanda ba a sake waiwayarsa ba.

Martanin masoya ya yi ƙarfi. Gangamin Retake Mass Effect ya tara kusan dala 80,000 wa ƙungiyar agaji ta Child's Play. Wasu suka aika wa ofishin BioWare da ke Edmonton ƙananan kek sama da 400, ja da shuɗi da kore, duka ɗanɗanonsu ɗaya, kamfanin ya miƙa su ga wani gidan kula da matasa. An kai ƙara hukumar sa ido kan tallace-tallace ta Birtaniya, ta ce tallar ba ta yaudari kowa ba. Wani ɓangaren kuma ya kawo fassara mai ɗaukar hankali: wai duk abin da aka gani a ƙarshe yaƙi ne a cikin kan Shepard, Reapers na ƙoƙarin mallake tunaninsa. Fassara ce da aka yi wa aiki tuƙuru, ana bin hoto bayan hoto, kuma ta nuna irin son da mutane ke yi wa labarin, har suka gwammace su ɗinke shi da hannunsu. A 2021 ɗaya daga cikin marubutan ya ce ba haka suka nufa ba.

A 26 ga Yuni 2012 aka saki Extended Cut, gyararren ƙarshen wasan, kyauta. An nuna yadda Normandy ya kwashe abokan, tashoshin suka koma lalacewa mai gyaruwa, aka ƙara zaɓi na huɗu na ƙin amincewa da yaron. A Agusta ƙarin labarin Leviathan ya bayyana asalin Reapers, sai dai shi na kuɗi ne.

Ni a ganina masu ƙorafin suna da gaskiya a babban batun. Labari na iya barin abu a duhu ya ƙara masa kwarjini, kuma Reapers sun fi ban tsoro lokacin da ba a san dalilinsu ba. Abin da ba ya ɗaukuwa shi ne tufka da warwara, a kafa doka a sa mutum ya yarda da ita shekara biyar, sannan a take ta a minti goma. Gyaran ya toshe ƙananan ramuka, amma hujjar Catalyst tana nan yadda take. Masu cewa marubuci na da 'yancin rufe labarinsa yadda ya so ban musa musu ba, sai dai wasan da aka gina a kan zaɓin mai wasa ya riga ya raba wannan 'yanci da shi.

Andromeda na 2017 ya kauce wa batun gaba ɗaya, ya kai labarin wani gungun taurari daban, shekara 600 gaba. Legendary Edition na 2021 ya riƙe gyararren ƙarshen. A Disamba 2020 an nuna ɗan gajeren bidiyon sabon kashi, da Liara, ɗaya daga cikin abokan Shepard, a cikinsa, nan take masoya suka koma kan tambayar wanne daga cikin zaɓuɓɓukan nan za a ɗauka a matsayin abin da ya faru.