Ƙirar Katunan Besbol a Salon Da

Ƙirar katunan besbol a salon da abin sha'awa ne da wasu masoya wasan besbol suka ɗauka, galibinsu a Amurka da Kanada, inda mutum kan tsara katin ɗan wasa da kansa ya buga shi, yana bin zubin katunan da kamfanonin sigari da na cingam suka fitar tun daga ƙarshen ƙarni na 19 har zuwa shekarun 1980. Irin wannan kati ya sha bamban da sake bugu, wanda kwafin katin da aka taɓa fitarwa ne, kuma ya sha bamban da jabu, wanda ake yi don a yaudari mai saye. Mai ƙira yakan ɗauki zubin wata shekara ya ɗora masa ɗan wasan da bai samu kati a wannan shekarar ba, ko ɗan wasan yau, ko ma ɗansa da ke buga wasa a ƙungiyar yara ta unguwa. Mafi yawan aikin ya dogara ne a kan sanin tarihin katunan, domin launin gefe da siffar haruffa da kaurin kwali su ne ke nuna wa masani shekarar da ake kwaikwayo.

Zamanin sigari

Ana danganta katunan farko da shagon kayan wasanni na Peck & Snyder da ke New York, wanda a ƙarshen shekarun 1860 ya riƙa raba katunan talla masu ɗauke da hotunan ƙungiyoyi, ciki har da Cincinnati Red Stockings ta 1869. Sai dai kamfanonin sigari ne suka yaɗa abin. Suna cusa ɗan kwali a cikin fakiti don kada karan sigari ya karye, daga baya suka ga cewa kwalin zai iya ɗaukar hoto ya jawo ciniki. Kamfanin Goodwin & Co. ya fitar da katunan Old Judge a rabin ƙarshe na shekarun 1880, hotuna masu launin ƙasa-ƙasa da aka manna a kwali mai kauri. A ɗakin hoto aka ɗauki yawancinsu, kuma a wasu ana iya hango zaren da aka rataye ƙwallo da shi a gaban ɗan wasan da ya yi tsayuwar mai shirin cafewa. Masu ƙira na yau suna son wannan abin dariya, har sukan zana zaren da gangan. Kamfanin Allen & Ginter na birnin Richmond a jihar Virginia ya bi wata hanyar, ya fitar da zane mai launi a kan farin fili wajen 1887 ko 1888, inda ya haɗa 'yan besbol da 'yan dambe da 'yan kokawa da gwanayen harbi a jeri guda.

Jerin da aka fi kwaikwayo daga wannan zamani shi ne wanda ake kira T206, da American Tobacco Company ta raba daga 1909 zuwa 1911. An fi yarda cewa katuna 524 ne a cikinsa. Ƙanana ne, faɗinsu bai kai santimita huɗu ba, tsawonsu bai kai bakwai ba, da farin gefe da sunan ɗan wasa da garinsa a ƙasa cikin ƙananan haruffa, bayan ɗan wasan kuwa wani lokaci launi ɗaya ne kawai, wani lokaci sararin sama ne mai kalar faɗuwar rana. A bayan katin akwai tallar sigari irin su Piedmont da Sweet Caporal da Old Mill. Sunan T206 ya fito ne daga kundin da Jefferson Burdick ya fara tsarawa a ƙarshen shekarun 1930, mutumin da ya ba gidan tarihi na Metropolitan a New York tarin katunansa, kuma har yau lambobinsa ake amfani da su.

A wannan jerin ne katin Honus Wagner na ƙungiyar Pittsburgh yake, wanda aka janye tun ba a buga da yawa ba. Wasu sun ce bai so yara su sayi sigari saboda hotonsa, wasu sun ce kuɗi ne ba a daidaita ba. An sayar da kwafi ɗaya a kan dala miliyan 7.25 a watan Agusta na 2022.

Zamanin cingam

Bayan kamfanonin sigari sun ja baya, masu alewa suka karɓa. Katunan Cracker Jack na 1914 da 1915 an san su da jan fili mai haske. A 1933 kamfanin cingam na Goudey da ke Boston ya fitar da jeri mai lamba 240 a kan kwali mai kauri da launuka masu kaifi, Babe Ruth shi kaɗai yana da katuna huɗu a ciki. Kati mai lamba 106 bai fito a fakiti ba, sai a shekarar da ta biyo baya kamfanin ya buga shi da hoton Napoleon Lajoie ya aika wa waɗanda suka rubuto wasiƙar koke. Yaƙin Duniya na Biyu ya tsayar da harkar saboda ƙarancin takarda, ba ta farfaɗo sosai ba sai da kamfanin cingam na Bowman ya dawo a 1948, kamfanin Leaf kuma ya fitar da nasa jerin a 1948 ko 1949.

Jerin da kamfanin cingam na Topps ya fitar a 1952 shi ne ya kafa zubin da ake gani har yanzu. Sy Berger ne ya tsara shi tare da mai zane Woody Gelman, kuma Berger ya sha faɗin cewa a kan teburin kicin ɗinsa a Brooklyn aka yi aikin. Katuna 407 ne, sun fi na Bowman girma, kowanne da tambarin ƙungiya da kwafin sa hannun ɗan wasa a cikin akwati mai zagayen taurari, a baya kuma ga alƙaluman wasansa na bara da na duk rayuwarsa. Hotunan baƙi da fari ne aka shafa musu launi, shi ya sa fuskokin suke da wani santsi da ba na hoto ba kuma ba na zane ba, kuma wannan santsin ne ya fi wahalar kwaikwayo. Rukunin ƙarshe na jerin, wanda ya fara da Mickey Mantle a lamba 311, ya fito a makare bai samu kasuwa ba. Berger ya ce daga baya an loda ragowar a jirgin ruwa an zubar a teku, labarin da wasu masana ke ɗauka da taka-tsantsan. Kwafi ɗaya na katin Mantle ya kai dala miliyan 12.6 a gwanjo a 2022.

Gasar da aka yi tsakanin Topps da Bowman ta haifar da zubi masu ban sha'awa, kamar zanen fenti na Topps a 1953, da na Bowman a 1955 inda aka sa kowane ɗan wasa a cikin akwatin talabijin mai launin katako. Topps ya saye Bowman a 1956, a 1957 kuma ya tsayar da girman kati a inci biyu da rabi a faɗi da inci uku da rabi a tsawo, daidai girman karta, kuma shi ne ma'aunin da ake bi har yau. Daga nan kusan kowace shekara da tata alama: gefen katako a 1962 da 1987, gefe mai kamar buhu a 1968, baƙin gefe a 1971 wanda ke nuna ko da ɗan ƙwarzane, haruffa masu lanƙwasa a 1972, da gefe mai launi biyu a 1975. Kamfanonin Fleer da Donruss sun shiga gasa da Topps a 1981 bayan shari'ar hana babakere, sannan kamfanin Upper Deck ya zo a 1989 da farar takarda mai sheƙi da alamar hana jabu. Masu ƙira da yawa suna ɗaukar wannan shekarar a matsayin iyakar abin da za a kira salon da.

Giɓin da ake cikewa

Babban abin da ke riƙe da wannan sha'awa shi ne katunan da ya kamata a ce an yi amma ba a yi ba. Yarjejeniyar da 'yan wasa suka ƙulla da kamfani ɗaya ta hana su fitowa a ɗayan. Mantle ba ya cikin jerin Topps na 1954 da 1955 saboda yana hannun Bowman. Stan Musial bai bayyana a jerin Topps na shekara-shekara ba sai 1958, bayan ya daɗe da zama tauraro. Ted Williams ya koma Fleer a 1959, kamfanin ya yi masa jeri na katuna 80 shi kaɗai, don haka ba shi da katin Topps a shekarunsa biyu na ƙarshe a fili. Maury Wills, wanda aka zaɓa gwarzon gasar National League a 1962, bai samu katin Topps ba sai 1967. Lokacin da kamfanin ya zo karrama gwarzayen baya a jerin 1975, sai ya ƙirƙiro masa katin 1962 da bai taɓa wanzuwa ba ya buga ƙaramin hotonsa, kuma masu ƙira sukan kafa hujja da wannan su ce kamfanin da kansa ya riga su.

Giɓin da ya fi girma shi ne na 'yan wasa baƙar fata. Kafin Jackie Robinson ya shiga Brooklyn Dodgers a watan Afrilu na 1947 an ware su a gasanninsu, kamfanonin katuna na Amurka kuma ba su waiwaye su ba. Kaɗan daga cikinsu sun samu katuna a Kyuba da Puerto Rico inda suke zuwa wasan hunturu. Josh Gibson ya rasu a watan Janairu na 1947, kuma katinsa da aka fi sani daga wancan zamani ya fito ne a Puerto Rico bayan rasuwarsa. A 1974 mai zane Robert Laughlin ya fitar da ƙaramin jeri na waɗannan 'yan wasa, kuma tun da MLB, hukumar manyan gasannin besbol na Amurka, ta amince a watan Disamba na 2020 cewa gasanninsu na 1920 zuwa 1948 manyan gasanni ne, aka ƙara samun dalilin yi musu katin Goudey ko na Play Ball, wani jerin katunan cingam, da aka hana su. Haka ma matan da suka buga gasar ƙwararru tsakanin 1943 da 1954.

Cikin waɗanda suka yi suna a wannan aiki akwai Bob Lemke, wanda ya daɗe yana editan mujallu da kundin farashin katuna, da mai zane Gary Cieradkowski, wanda ya mayar da hankali kan 'yan wasan da tarihi ya manta.

Yadda ake haɗa kati

Aikin yakan fara da hoto, kuma nan ne mai ƙira ke nuna saninsa. Dole rigar ɗan wasan da hularsa su dace da shekarar, domin ƙungiyoyi suna sauya tambari da gari, kuma masani zai gane filin wasan da ke bayan hoto idan ba a gina shi ba tukuna a shekarar da katin ke iƙirari. Don tsofaffin 'yan wasa ana yawan komawa ga hotunan George Grantham Bain da ke ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka, wanda kuma ke ajiye da tarin Benjamin K. Edwards na katuna kimanin 2,100 daga 1887 zuwa 1914.

Ana gina zubin a manhaja irin su Photoshop ko GIMP ko Inkscape, sau da yawa a kan hoton katin asali da aka ɗauka da sikana aka share ɗan wasan da sunansa. Haruffa suna ba da wahala, domin wasu da hannu aka zana su a da, sai mai ƙira ya tsinto su ɗaya-ɗaya daga wasu katunan jerin ya jera sabon suna. Tsohon ɗab'i yana amfani da launuka huɗu, shuɗi da ja da rawaya da baƙi, a ƙananan ɗigo-ɗigo da ake gani idan an kusanto da kati ido, kuma ba kasafai launukan ke hawa daidai kan juna ba, sai a ga ɗan jan layi ya leƙo a gefen kunne ko hula. Wanda ya ƙware yakan gusar da launi ɗaya kaɗan don ya samu wannan, ya rage hasken farin gefe ya koma ruwan madara. Masu gaggawa sukan tsaya a fuskar kati, amma a wajen masana baya ne ma'auni: lambar kati da ba ta ci karo da ta jerin asali ba, alƙaluma na gaskiya, gajeren tarihi cikin salon maganar wancan lokaci, da ɗan zanen barkwanci irin wanda Topps ke sawa.

Firintar gida ba ta jan kwali mai kauri, don haka akan buga fuska da baya daban, a manna su a kan kwali mai ruwan toka, a danne har su bushe, sannan a yanke da wuƙar takarda da rula. Ana barin rarar kimanin milimita uku a kowane gefe saboda yanka. Wasu suna kai aikin ƙaramar maɗaba'a, wasu kuma ba sa bugawa sam, hoton kawai suke musaya a intanet.

Doka da batun jabu

Kati guda yana iya taɓa haƙƙi huɗu: na mai ɗaukar hoto, na ƙungiya a kan tambarinta, na kamfani a kan zubinsa, da na ɗan wasa a kan sunansa da kamanninsa. Wannan na ƙarshen daga rikicin katunan cingam ya samu suna a dokar Amurka, a shari'ar Haelan Laboratories da Topps ta 1953. A 1996 wata kotun ɗaukaka ƙara ta ba kamfanin Cardtoons gaskiya a kan ƙungiyar ƙwadago ta 'yan wasa, ta ce katunan zolaya suna da kariyar 'yancin faɗin albarkacin baki. Yin kati don ajiyewa ko kyauta bai cika jawo magana ba, sayarwa ce ake taƙaddama a kai.

Tsufantar da kati da ruwan shayi, da goge kusurwoyinsa, da lanƙwasa shi, dabaru ne da masu jabu ma ke amfani da su, shi ya sa ra'ayi ya rabu a kansu. Al'adar da aka fi bi ita ce mai ƙira ya rubuta sunansa da ainihin shekarar bugu a bayan kati, domin katin da ya bar hannun mai shi yana iya faɗawa gwanjo bayan shekaru a hannun wanda bai san asalinsa ba.

Kamfanoni

Su ma kamfanonin sun shiga. Topps ya fara jerin Heritage a 2001 da zubin 1952, ya farfaɗo da sunan Allen & Ginter a 2006, a 2020 kuma ya ba masu zane 20 tsofaffin katuna 20 kowa ya sake fasalta su, aka samu katuna 400. Kamfanin Fanatics ya saye harkar katunan Topps a watan Janairu na 2022.