Haɗin gwiwar lauyoyi da jami'an walwalar jama'a a Sudan

A Sudan, shari'ar da ta shafi yaro ko iyali marar galihu takan bi ta hannun mutum biyu: lauya, mai tsayawa gaban alƙali, da jami'in walwalar jama'a, mai shiga gida ya ga yadda ake kwana ake tashi. Dokar Yara ta 2010 ce ginshiƙin wannan aiki. Ta ce duk wanda bai cika shekara 18 ba yaro ne, ba a kuma ɗora wa wanda bai kai 12 ba alhakin laifi. Tun 2007 aka buɗe sashen 'yan sanda na kare iyali da yara a Khartoum da tallafin UNICEF, inda ɗan sanda da likita da jami'in walwala ke sauraron yaro wuri guda.

An fi ganin amfanin haɗin a rikicin riƙon 'ya'ya da ciyarwa. Dokar iyali ta Musulmi ta 1991 ta bar wa uwa riƙon ɗa namiji zuwa shekara 7, mace zuwa 9, sai dai alƙali na iya ƙarawa in maslahar yaron ta nuna haka. Maslahar kuwa ba a cikin kundin doka take ba. Jami'in ne zai je ya duba ɗaki nawa ne a gidan, wa ke girki, yaron na zuwa makaranta ko talla. Da irin wannan rahoto lauya ke kafa hujja.

A wurin Hausawan Maiwurno da Gadarif da Kasala, magana ba ta cika isa kotu da wuri ba. Sai dattawa da liman sun zauna sulhu ya gagara. Wannan yana rufa asiri, amma sau da yawa mace ce ke haƙura da haƙƙinta. Akwai kuma matsalar takardu: auren da aka ɗaura ba rajista, da yaron da ba shi da takardar haihuwa. Kafin a yi zancen ciyarwa, dole lauya ya fara tabbatar da auren.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya tsayar da kotunan Khartoum. A watan Yuni aka kwashe yara kusan 300 daga gidan marayu na Maiƙoma da ke Khartoum zuwa Wad Madani, daga baya aka sake kai su Kasala.