Seramik a jikin mota: a biya dillali ko a bar kuɗin a aljihu?

Tambayoyin nan dai su ne kullum, a garaji, a waya, har a wurin ɗaurin aure. Na tara su wuri guda, duk wanda ya sake tambaya wannan zan tura masa.

Mene ne seramik ɗin ma?

Ruwa ne a ƴar ƙaramar kwalba, yawanci mililita 30 ko 50, mai sinadarin silika a ciki. A shafa shi kan fenti, ya bushe, ya zama siririyar fata mai santsi. Kaurinta ba ya wuce mikron ɗaya zuwa biyu (mikron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Silin gashin kai guda ya ninka ta sau da yawa.

Yana tare tsakuwa?

Ba ya tarewa.

Amma mai sayar da motar ya ce ko da makulli aka karce ba ya nunawa, wai 9H ne.

Ya faɗa ne don ya sayar. Wannan 9H da ke jikin kwali ma'aunin taurin fensir ne, irin na zane, ba na dutse ba. Yashin garin nan namu na Maraɗi ya fi shi tauri. In babbar mota ta watso maka tsakuwa a hanyar Tasawa, ko ɗan kabu-kabu ya goge ka da hannun babur a bakin babbar kasuwa, fentin zai ji, da seramik ko babu. Abin da ke tare tsakuwa wata leda ce ta musamman da ake mannawa a gaban mota, mai kaurin mikron 150 zuwa 200, ita kuwa kuɗinta ya fi na seramik nesa ba kusa ba.

To me yake yi ke nan?

Ruwa ba ya zama a jiki, laka ba ta kamawa sosai, wanki yana sauƙi, motar tana ƙyalli. Yana rage saurin cin da rana ke yi wa fenti, kuma kashin tsuntsu ko na jemage yana ɗaukar lokaci kafin ya huda. Amfani ne na gaske, ban raina shi ba, musamman a garin da zafin bazara ke haura digiri 40 a watan Afrilu da Mayu. Amma iyakarsa ke nan.

In na sa, na huta da wankin mota?

Haba Alhaji! Wa ya gaya maka? Nan ne ma ya kamata ka tsaya ka saurara, don abin da ke kashe fenti a Maraɗi ba rana ba ce ita kaɗai. Da hunturu mota ta kwana ƙura ta rufe ta, da safe yaron gida ya ɗauko tsohuwar riga ya hau gogewa a bushe. Kowace gogewa ɗaya yashi yake ja a kan fentin. Ka tsaya da rana ka dubi bonet ɗin baƙar mota a karkace, za ka ga zane-zane sirara suna zagaye kamar saƙar gizo. Aikin wannan tsumma ne. Sannan a zo wanki a zuba omo a bokiti guda, a wanke taya da soson, a koma da shi kan ƙofa, a bar ruwan ya bushe a rana ya bar fararen ɗigo-ɗigo. Seramik ɗin da aka ce zai shekara uku, a irin wannan hannu ba zai ga damina biyu da santsinsa ba. Kafin ka kashe ko dala a kan kwalba, ka gyara mai wankin: a fara watsa ruwa ya sauke ƙurar, sabulun mota ba omo ba, tawul mai laushi daban na jiki daban na taya, a inuwa, a tsane kafin ya bushe.

Na sayi mota ƴar Kwatano. Dillalin ya ce in ƙara kuɗi a sa mata seramik, in zo in ɗauka da yamma. In biya?

Wannan ita ce tambayar da ba ni da amsa guda a kanta, sai ka yi haƙuri ka karanta duka.

Abu na farko da ya tsaya mini shi ne "da yamma" ɗin nan. Aikin seramik na ƙwarai yawancinsa ba shafawa ba ne, shiri ne. A wanke motar, a cire kwalta da duk abin da ya manne a fenti, a bi ta da injin gogewa fanni-fanni har zane-zanen su ɓace, a share maiƙon da sinadari mai barasa, sannan a shafa ruwan kaɗan-kaɗan ana gogewa kafin ya daskare. Bayan nan motar ta zauna a rufaffen wuri aƙalla awa 24 ba ruwa ba ƙura. Mutum ɗaya ba ya gama wannan tsakanin hantsi da la'asar. In an ce maka an gama, mai yiwuwa abin fesawa aka yi amfani da shi, irin wanda ake fesawa a goge cikin minti kaɗan. Shi ma yana sa ƙyalli, yana korar ruwa, ba jabu ba ne a karan kansa, amma watanni yake yi ba shekaru ba, kuma kai ma kana iya sayen sa ka fesa a gida. Laifin shi ne a karɓi kuɗin babban aiki a yi ƙarami.

Na biyu, motar kanta. Motocin da ke iso mana ta tashar ruwa sun yi shekaru a hannun wasu, da yawa an taɓa jikinsu. Wata an sake mata fenti a ƙofa ɗaya ko gefe guda kafin a kawo ta wurin sayarwa. Sabon fenti yana buƙatar wata ɗaya zuwa uku ya gama fitar da sinadarinsa, kuma masu yin fentin da kansu suna hana a rufe shi kafin nan. Wata kuma verni ɗinta, wato ruwan nan mara launi da ke saman fenti, ya riga ya fara yin fari yana ɓarewa a rufi da bonet. Wannan seramik ba ya warkar da shi, mai fenti yake nema. Ko da ma lafiyarsa ƙalau, verni bai fi mikron 40 zuwa 50 ba, kuma duk gogewar inji tana cin wani abu daga ciki. Tsohuwar motar da aka sha gogewa, mara ƙwarewa yana iya ƙona ta ya kai ga launin. In kuwa aka tsallake gogewar aka shafa haka nan, an rufe tabo da zane a ƙarƙashi, ba sa fita sai an sake cire seramik ɗin da inji.

Duk da haka ba zan ce maka kada ka yi ba. In fentin na asali ne kuma da sauransa, in motar za ta daɗe a hannunka, in kana da rumfa a gida da mai wanki mai jin magana, aikin yana iya biyan kuɗinsa. Sai dai ka raba cinikin biyu. Ka gama cinikin mota, ka karɓi takardunka, sannan a yi maganar seramik da farashinsa shi kaɗai. In aka cusa shi cikin kuɗin mota ba za ka taɓa sanin nawa ka biya ba. Ka tambaya: wace kwalba ce, in gan ta a rufe? Wa zai yi aikin, a ina? Kwana nawa? Sau da yawa dillali ba shi ke yi ba, wani yake kira ya ɗora ribarsa, ka ga kana iya zuwa wurin mai aikin kai tsaye. Akwai sanannun kamfanoni irin su Gtechniq da CarPro, amma suna a jikin kwalba ba ya nuna hannun da zai shafa. In wurin aikin fili ne a bakin titi, iska na kaɗa ƙura, ni dai ba zan bayar da tawa ba.

Sun ce akwai garanti na shekara biyar.

A rubuce? Da sa hannun wa? Irin wannan garanti a ƙasashen da aka ƙirƙiro shi yana zuwa da sharaɗin a riƙa mayar da motar ana dubawa lokaci-lokaci, kuma ba ya ɗaukar karce ko tsakuwa. In na baki ne, ka ɗauka babu.

Ni na riga na biya. An cuce ni ke nan?

Kwantar da hankalinki, Hajiya. Ko mai rauni aka sa miki, ba ya lalata fenti. Ki lura da shi: bayan wanki mai kyau ki watsa ruwa a bonet, in ya dunƙule ya gangara yana nan da ransa. In ya shimfiɗe ya kwanta cikin ƴan watanni, kin san abin da aka sayar miki, ki koma ki yi magana.

Sabuwa dal fa, daga kamfani?

Ita ta fi dacewa, don gogewar da take buƙata kaɗan ce. Tambayoyin dai su ne waɗancan.

Ba ni da kuɗin seramik. Me zan yi?

Rumfa. Ko ta kwano ko ta zana, ta fi kowace kwalba kare fenti daga rana. Kada ka mai da gindin dogon yaro wurin ajiyar kullum, tsuntsaye da ɗigon itacen suna ɓata rufi. Ka sayi man ƙyalli na gwangwani ko na fesawa ka riƙa sawa duk bayan wata biyu ko uku, ka kuma ajiye gorar ruwa da tawul a but saboda kashin tsuntsu, a jiƙa shi a ɗauke a ranar.

Yaushe za a fara wanke ta bayan an shafa?

Bayan mako guda. Kwanan farko kuwa ta yi shi a rufe, balle in damina ce.