Idan ƙwallon golf ta tsaya kan abin da ba ya ɗaguwa: tambayoyi da amsoshi

Mene ne ake nufi da kafaffen cikas a filin golf?

Shi ne duk wani abu da hannun ɗan Adam ya yi, wanda ba za a iya kawar da shi ba sai da wahala mai yawa ko sai an lalata shi ko an lalata filin. Hanyar siminti da ƙananan motocin 'yan wasa suke bi, da kan famfon ban ruwa da aka binne cikin ciyawa, da rumfar fakewa daga ruwan sama, duk suna cikinsa. Hukumomi biyu da suke tsara dokokin wasan, wato R&A da ke St Andrews a Sikotilan da USGA ta Amurka, sun sanya wannan batu a doka ta 16.1 tun gyaran shekarar 2019. Amma katanga ko turakun da suke nuna iyakar fili ba sa cikin lissafi.

Yaushe ne ɗan wasa yake da haƙƙin matsar da ƙwallonsa ba tare da tara ba, wato ba tare da an ƙara masa bugu a lissafin makinsa ba?

Idan ƙwallon tana taɓa abin, ko abin ya shiga inda zai kafa ƙafafunsa, ko inda sandarsa za ta bi yayin bugu. Kasancewar rumfa a tsakaninsa da ramin da yake neman jefa ƙwallon a ciki kawai ba hujja ba ce, sai fa idan ƙwallon tana kan lallausar ciyawar da ke kewaye da ramin. Haka nan babu sassauci ga ƙwallon da ta faɗa yankin tara, kamar tafki ko rafi, kuma babu shi ga wanda ya ƙirƙiri wata tsayuwa marar ma'ana don kawai dugadugansa su taɓa siminti.

Ina zai ajiye ta?

A nan ne mutane da yawa suke kuskure, kuma a ganina nan ne ya fi cancantar a natsu. Doka ta ce a nemi wuri mafi kusa da inda ƙwallon take, wanda bai fi kusa da rami ba, inda cikas ɗin ba zai ƙara shafar ƙwallo ko tsayuwa ko bugu ba. Mafi kusa aka ce, ba mafi daɗi ba. A ɗauka ƙwallo ta tsaya a gefen hagu na hanyar siminti, a hagun akwai duhuwar ƙaya, a dama kuwa ciyawa ce sumul: idan hagun ne ya fi kusa, to can ne wurin, ko da ƙayar za ta hana shi ɗaga sanda. Daga wannan wuri zai auna tsawon sanda ɗaya, da mafi tsawo cikin sandunan da yake ɗauke da su ban da ta gangara ƙwallo cikin rami, sannan ya saki ƙwallon daga tsayin gwiwa. Kafin 2019 daga tsayin kafaɗa ake saki. Idan ta gangara ta fita daga wurin da aka auna sai ya sake saki, idan ta kuma fita sai ya ajiye ta da hannu inda ta fara taɓa ƙasa a saki na biyu.

Shi ya sa nake roƙon duk mai koyo ya kafa ɗan tsinke ya auna tukuna kafin ya taɓa ƙwallon. Wanda ya ɗauka sannan ya ga wurin bai yi masa ba, ya mayar da ita, za a ƙara masa bugu ɗaya.

Idan cikin gurbin yashi ne fa?

Sassaucin kyauta dole ya kasance cikin yashin. Wanda yake son fita waje zai biya bugu ɗaya, ya ja da baya bisa layin da ya taso daga rami ya ratsa inda ƙwallon take.

Kowace hanya ce take ba da wannan dama?

A'a. Kwamitin fili yana da ikon ayyana wani gini a matsayin ɓangaren filin kansa. A rami na 17 na tsohon filin St Andrews akwai titi a bayan ramin, kuma duk wanda ƙwallonsa ta tsaya a kai, daga nan zai buga ta, ko ya karɓi tarar bugu ɗaya. Irin waɗannan ƙa'idoji galibi a bayan katin rubuta maki ake buga su.