Harshen Sauya Samfuri: Mene Ne Shi, Kuma Me Ya Sa Ake Ƙera Shi Daban?

Injiniyan manhaja ya zana tsarin ɗakin karatu a kwamfutarsa. Ya yi akwati guda ya sa masa suna Littafi, ya yi wani ya kira shi Marubuci, sannan ya ja layi tsakaninsu don a san kowane littafi yana da wanda ya rubuta shi. Kowa ya gane zanen, sai dai rumbun bayanai bai san akwati ba, bai san layi ba. Shi tebur ya sani, da gurabe, da lambobin shaida. Dole wani ya kwashe abin da ke cikin zanen ya mayar da shi siffar da rumbun zai karɓa. In akwatunan biyu ne, hannu ya isa. In sun kai ɗari huɗu, kuma suna canzawa duk mako, hannu zai gaji, kuskure kuma ya biyo baya. Wannan aikin na ɗaukar bayani daga wata siffa zuwa wata shi ake kira sauya samfuri, kuma akwai harsunan kwamfuta da aka ƙera ba don komai ba sai dominsa.

Samfuri a nan ba hoto ba ne kawai. Bayani ne mai tsari wanda kwamfuta za ta iya karantawa, yana ɗauke da abin da ya dame mu game da wani tsari, ya bar sauran. Taswirar gari ba ta nuna launin kowace ƙofa, amma tana kai mutum inda za shi. Kowane samfuri kuma yana da dokokin da yake bi: waɗanne irin abubuwa ne aka yarda su shiga cikinsa, yaya za su haɗu da juna. Su ma waɗannan dokokin a siffar samfuri ake rubuta su, shi ya sa zan kira su uwar samfuri. Uwar samfurin rumbun bayanai, alal misali, ita ke cewa akwai abin da ake kira tebur, tebur yana da gurabe, kowane gurbi yana da suna da nau'i. Ƙungiyar OMG mai tsara ƙa'idojin manhaja na bai ɗaya, wadda aka kafa a 1989, ita ta amince da harshen zane na UML a 1997, ta kuma fitar da MOF, wato harshen da ake rubuta iyayen samfura da shi. A aikace yawancin masu wannan sana'a suna amfani da harshen Ecore na dandalin gina manhaja na Eclipse, wanda yake kusa ƙwarai da sauƙaƙan ɓangaren MOF.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne, ba a rubuta sauyi don samfuri guda. Ana rubuta shi ne a matakin iyayen. Ba a cewa "mayar da Littafi tebur", ana cewa "duk rukunin da ka gani, samar masa da tebur", rukuni kuwa shi ne akwati irin Littafi ko Marubuci. Da zarar an rubuta haka, zai yi aiki a kan ɗakin karatu, ya yi a kan asibiti, ya yi a kan duk wani samfuri da ya fito daga uwa ɗaya. Wani sauyin daga samfuri yake zuwa samfuri. Wani daga samfuri yake zuwa rubutu, kamar yadda manhajar Acceleo ke fitar da kod na Java, ko yadda ake fitar da kod na C daga zanen manhajar Simulink don na'urorin da ke cikin mota. Wani kuma a cikin samfurin yake gyara, bai haifar da sabo ba.

To me ya hana a rubuta duk wannan da Java ko Python? Babu abin da ya hana, kuma mutane da yawa haka suke yi. Amma a dubi abin da ke faruwa. Mai rubutun ya bi rukunoni ɗaya bayan ɗaya, ya iso kan Littafi, ya ƙirƙiri teburinsa. A cikin teburin yana buƙatar gurbin da zai yi nuni ga teburin Marubuci. Ina teburin Marubuci? Ba a kai ga ƙirƙirarsa ba tukuna. Sai ya ce bari ya fara da Marubuci. In kuwa Marubuci shi ma yana nuni ga Littafi, misali littafinsa na farko, to ta ko'ina ya fara sai ya tarar da ɗayan bai iso ba. Mafita ita ce ya yi zagaye biyu: a na farko ya ƙirƙiri dukkan tebura babu komai a ciki, yana rubuta a gefe cewa wannan rukunin shi ya zama wancan teburin, a na biyu ya dawo ya cika su, yana duba abin da ya rubuta a gefe. Wannan rubutun gefen shi ne sawu, wato rajistar da ke faɗin wane ne ya zama wane.

A nan gizo ke saƙar. Duk wanda ya rubuta sauyi da harshen gama-gari sai ya sake gina wannan rajistar da hannunsa, ya sake tsara zagayen, ya sake kula kada a ƙirƙiri abu guda sau biyu. Kafin a ankara, ainihin maganar, wadda ba ta wuce "rukuni ya zama tebur" ba, ta nutse a cikin layuka masu yawa na hidimar da ba ita ce manufa ba. Wanda ya zo gyara bayan shekara biyu sai ya yi tono kafin ya gano ta.

Harshen sauya samfuri yana ɗauke wannan hidimar ne ya miƙa wa injin da ke gudanar da shi. A ATL, ɗaya daga cikin waɗannan harsuna, misali, ƙa'ida tana da ɓangare biyu: abin da za a nema a samfurin tushe, da abin da za a samar a samfurin da ake nufa. Mai rubutu zai ce: daga kowane rukuni, samar da tebur, sunan tebur shi ne sunan rukuni, guraben tebur su ne siffofin rukuni, wato bayanan da rukuni ke ɗauke da su kamar sunan littafi. A lura da jimlar ƙarshe. A zahiri ba daidai take ba, domin siffa ba gurbi ba ce, daga uwa daban ta fito. Amma injin ya san akwai wata ƙa'ida da ke mayar da siffa gurbi, sai ya duba sawu, ya ɗauko gurbin da kowace siffa ta zama, ya sa shi a wurin. Yana iya yin haka ne saboda ya riga ya raba aikin gida biyu da kansa: ya fara da gano duk inda ƙa'idoji suka dace ya ƙirƙiri abubuwan, daga baya ya cika su. Mai rubutu bai damu da wace ƙa'ida ta riga wata ba. A ganina wannan shi ne babban abin da irin waɗannan harsuna suka kawo, ya fi gajartar rubutu da ake yawan yabawa.

Tarihin abin bai da tsawo. A 2001 OMG ta shelanta MDA, tsarin da ke cewa a fara rubuta manhaja a samfurin da bai jingina da wata fasaha ba, sannan a sauya shi zuwa wanda ya dace da fasahar da aka zaɓa. Tsarin ba zai tsaya ba sai da hanyar sauyawa, don haka a 2002 ƙungiyar ta nemi a kawo shawarwari, abin da ya haifar da QVT, wanda sigarsa ta farko ta fito a 2008. QVT harsuna uku ne a rumfa ɗaya: biyu suna bayyana dangantakar da ake so ta kasance tsakanin samfura, ɗaya kuma yana ba da umarni mataki-mataki. ATL ya fito daga birnin Nantes na Faransa, daga ƙungiyar bincike ta Jean Bézivin, da Frédéric Jouault a cikin manyan maginansa, kuma ya haɗa salon biyu. Epsilon ya fito daga Jami'ar York a Ingila, daga aikin Dimitris Kolovos da Richard Paige da Fiona Polack. VIATRA, wani harshen sauyin, daga Budapest yake. Kusan dukkansu sun ari harshen OCL, ko wani abu mai kama da shi, don yin tambaya a cikin samfuri.

Epsilon ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin ya nuna inda tunanin ya nufa. Maimakon harshe ɗaya da zai yi komai, sun gina harshen tushe guda, suka ɗora ƙananan harsuna a kansa: ETL na sauyawa, EGL na fitar da rubutu, EVL na tantance ingancin samfuri, ECL na kwatanta samfura biyu, EML na haɗe su. Akwai kuma Flock, wanda aikinsa kawai shi ne ƙaurar da tsofaffin samfura in uwarsu ta canza. A irin wannan aikin mafi yawan abubuwa ba sa canzawa, saboda haka Flock yana kwafe duk abin da har yanzu ya dace da sabuwar uwar ba tare da an ce masa ba, mai rubutu kuma ya ambaci inda aka sami bambanci kaɗai. Da harshen sauyawa na gama-gari ne, da sai an rubuta ƙa'idar kwafe ga kowane nau'i. Ma'anar keɓantaccen harshe ke nan, wanda ake taƙaitawa da DSL: ya san abin da aka fi yi a fagensa, ya mai da shi abin da ke faruwa ko ba a faɗa ba.

Wanda zai ƙera irin wannan harshen yana da abubuwa uku a gabansa. Akwai ƙashin harshen, wato waɗanne ra'ayoyi ne a cikinsa, kuma wannan uwar samfuri ce kamar kowace. Akwai suturarsa, yadda za a rubuta shi ko a zana shi; kayan aiki irin su Xtext suna karɓar nahawu su fitar da mai karanta rubutun da editansa. Sai ma'anarsa, wato me zai faru in an gudanar da shi, kuma a nan wahalar take. In ƙa'idoji biyu suka dace da abu guda, wace za a bi? In ba wadda ta dace, a yi shiru ko a yi ƙorafi? Harshen da bai amsa waɗannan a fili ba, injina biyu za su gudanar da rubutu ɗaya su ba da sakamako biyu.

Akwai kuma zaɓin mazauni. Harshe na iya zama mai gidan kansa, da nahawunsa da editansa, kamar ATL. Yana iya kuma raɓawa a jikin wani harshen, kamar RubyTL na Jami'ar Murcia a Sifaniya, wanda a cikin Ruby yake zaune. Mai raɓawa yana samun kayan aikin mai masaukinsa a sauƙaƙe, amma ba zai yi magana yadda nahawun mai gidan bai yarda ba. Hanya ta uku tana da ban sha'awa: tun da rubutun sauyi shi ma samfuri ne mai uwa, ana iya rubuta sauyin da zai mayar da sabon ƙaramin harshe zuwa ATL ko makamancinsa, a bar tsohon injin ya yi gudanarwar.

Buri mafi girma a fagen shi ne a rubuta ƙa'ida sau ɗaya ta yi aiki gaba da baya, in an taɓa tebur zanen ya gyaru, in an taɓa zanen tebur ya gyaru. Andy Schürr ya gabatar da wata hanya mai suna TGG tun 1994, inda ake gina tushe da manufa da sawun da ke tsakaninsu a lokaci guda. Amma a koma ɗakin karatunmu. In littafi na iya samun marubuta da yawa, marubuci kuma littattafai da yawa, sauyin zai ƙirƙiri tebur na uku don haɗa su. Wanda ya zo daga baya ya tarar da wannan teburin, ta yaya zai san ko daga layi ya fito ko daga akwati? Bayanin da aka zubar a tafiya ba ya dawowa a komowa sai in an adana shi a wani wuri. Perdita Stevens ta Jami'ar Edinburgh ta yi rubutu mai zurfi a kan wuraren da ma'anar QVT ba ta fito sarai ba a wannan batun. Duk mai ƙera harshe da ya yi alkawarin gaba da baya, a tambaye shi me injinsa ke yi in amsoshin da suka dace sun fi ɗaya.

Inda na fi ganin ana raina aikin shi ne bayan harshen ya fara gudana. Rubuta nahawu aikin kwanaki ne, amma masu amfani za su buƙaci edita mai nuna kuskure tun ana rubutu, da hanyar bin ƙa'idoji ɗaya-ɗaya in sakamako ya karkace, da bayanin koyarwa, da wanda zai riƙe duk wannan shekara da shekaru. Shi ya sa ba na ganin dalilin ƙera sabon harshe don sauyi guda ɗaya. Sai in irin sauyin yana ta maimaituwa, ko kuma waɗanda suka san ƙa'idojin ba masu rubuta kod ba ne kuma ana so su karanta su tabbatar da kansu. In kuwa an ƙera, a fara gwada shi da rubutu mai kuskure. A ce ma'aikaciyar ɗakin karatu ta rubuta ƙa'idar Littafi ta manta ta Marubuci. In saƙon da ya fito yana maganar wani layi na kod ɗin da injin ya haifar, wanda ba ta taɓa gani ba, to sai ta nemo injiniya. Abin da ya kamata ta gani shi ne: a layi na 12 kin yi nuni ga Marubuci, amma babu ƙa'idar da ta faɗi abin da Marubuci zai zama.