Haɗin goge tukwane na gida

Haɗin goge tukwane wani kwaɓi ne mai kauri da ake yi a gida don cire baƙin hayaƙi, ƙanzo da maiƙo daga tukwane, kwanuka da daɓen madafa. Abu biyu ke yin aikin: gari mai ɗan kaushi da ke kankare datti, da sinadarin alkali (irin wanda ke cikin toka da kanwa) da ke narkar da mai. Sabulu da ruwa su ne ke haɗa su su zama kwaɓi.

A ƙasar Hausa tushen wannan haɗi toka ce. Tokar itace ko ta karan gero tana ɗauke da potassium carbonate da calcium carbonate. Na farkon yana narkewa a ruwa, idan ya gamu da maiƙon miya sai ya mayar da wani ɓangarensa sabulu a cikin tukunyar, shi ya sa hannu ke yin santsi yayin wankin. Na biyun ba ya narkewa sosai, shi ke gogewa. Ana bari tokar ta huce, a tankaɗe ta da rariya don fitar da gawayi da tsakuwa, a kwaɓa da ruwa kaɗan da gutsuren sabulun salo ko na wanki, sannan a dirza da soso. Mata masu girki a murhu sukan shafe gindin tukunya da wannan kwaɓi kafin su ɗora ta a wuta. Hayaƙin sai ya kama tokar maimakon ƙarfen, ya fita da wanki ɗaya.

A birane wasu kan yi amfani da bakin soda (baking soda, farin garin da ake sa wa kek ya tashi) a maimakon toka. Akan zuba cokali uku nata a cokali ɗaya na sabulun ruwa. Kanwa da ake haƙowa a yankin Tafkin Chadi danginta ce, ita ma tana cin maiƙo idan an daka ta.

Taurin garin shi ke raba mai kyau da mai ɓarna. A ma'aunin tauri na Mohs bakin soda tana wajen 2.5, yashi kuwa 7, ya fi gilashi tauri. Saboda haka yashin da wasu ke ƙarawa yana sa tukunya ƙyalli nan take, amma yana karce langa da tangaran, ya kuma cinye rufin kaskon da abinci ba ya kamawa. Alkali mai ƙarfi ma yana dusashe alminiyam idan aka bar kwaɓin ya kwana a kai.

Matsa lemun tsami a cikin soda, duk da kumfar da ke burge ido, rage wa duka biyun ƙarfi yake yi. Gara a yi amfani da lemun daban, a kan tagulla ko tsatsa. Haɗa ruwan bilic da wani abu mai tsami yana fitar da iskar chlorine mai guba. Tokar da aka ƙona leda ko katako mai fenti a cikinta ba ta dace da kwanon abinci ba.